Shekarar da Bakina Ya Raba Ni da Malam Sabo

Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, ku 'ya'yana, kuma ni na bar ta ta girma tare da ku. Wai Malam Sabo, Allah Ya jiƙansa, ya ture ni daga jan bakin tafsiri ya ɗora surukinsa, shi ya sa aka yi azumi guda cur ba a ji muryata a masallacin unguwarmu ba. Habibu, kai ka fi kowa riƙe ta, don har yau in ka haɗu da 'ya'yan Malam a kasuwar Rogo gaisuwarka ta fatar baki ce. To tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami bari in gaya muku yadda aka yi. Malam Sabo bai ture ni ba. Ni na tashi da ƙafata, kuma abin da ya tashe ni a cikin bakina yake.

Saboda jikokina da aka haifa a birni, bari in faɗi aikin. A watan azumi, bayan la'asar, mutum biyu ke zama gaban jama'a. Ɗaya ya ja ayar da murya, shi ne mai jan baki, ɗayan ya fassara ta ya yi bayani. Ni ke ja, Malam Sabo ke fassara, shekara ashirin da wani abu. Tun muna samari muka yi karatu tare a Karaye, tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Shi mutum ne mai sanyi, kafin ya faɗi kalma sai ya juya ta sau uku. Ni kuwa kun san halina, ba sai na ɓata takarda ba. Masallacinmu makirfo ɗaya gare shi a lokacin, ana kafa shi tsakaninmu, don haka dole mu zauna kafaɗa da kafaɗa, kai kusa da kai. In na ja aya numfashina a fuskarsa yake sauka. Duk shekarun nan ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan ba.

Ni dai muryata nake tattali. An ce mini zuma na gyara murya, sai na mayar da ita karin kumallo. An ce alawar maƙogwaro, irin mai yaji-yajin nan, tana buɗe ƙirji, sai ya zama ba a raba kuncina da ita daga hantsi har in kwanta. Sau da yawa da ita nake yin barcin rana, in farka ta narke ta bi haƙora ta kwanta. Idan babu alawa a kuncin to akwai goro. Shayi kuwa in cokali bai tsaya ba ba na cewa an sa sukari. Amma da wani zai ce mini bakina ba shi da tsafta, da sai an raba mu, domin ni mai asuwaki ne sau biyar a rana. Kowace alwala sai na zaro shi daga aljihun gaba, in goga a haƙoran gaba sau biyu ko uku, dama da hagu, in mayar. Ba kuma kowane asuwaki ba, na Makka, wanda alhazai ke kawo mini tsaraba. Saboda girman inda ya fito ba na yarda in datse bakinsa, kada ya ƙare da wuri. Guda ɗaya sai ya yi mini kusan shekara, bakin nan ya yi baƙi ya kwanta, ni kuwa ina alfahari da shi.

Innarku ta taɓa sayo mini buroshi da man goge baki. Na gwada sau ɗaya, na tofar na ga jini. Na ce abin da zai fitar wa mutum jini ba kayan tsafta ba ne, na ajiye shi ina share ƙurar rediyo da shi. Daga baya asuwakin ma ya fara fitowa da ja-ja a baki, na ce zafin ciki ne, na sa aka jiƙa mini tsamiya. Can bayan haƙoran ƙasa kuma, in na kai harshe, sai in ji wani abu mai tauri kamar an yi yaɓe. Na ɗauka haka haƙori ke yin kauri in shekaru sun ja. Mutane suka riƙa miƙo mini kanumfari, wannan ya ba ni, wancan ya ba ni, na ce a raina kai, jama'ar nan suna son muryar nan.

Al'adarmu ce in Sha'aban ya raba tsakiya mu zauna a zauren Malam mu bi inda za mu karanta a azumin. Ran nan bayan la'asar mun yi shafi biyu, sai Malam ya rufe littafi, ya dubi mutum uku da ke zaune tare da mu ya ce su ɗan ba mu wuri. Suka fita, amma ba su yi nisa ba, suna nan a dakalin ƙofar gida. Malam ya daɗe yana gyara bakin buzunsa kafin ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Isiyaku, akwai abin da na shekara uku ina son gaya maka. In ban faɗa ba babu mai faɗa."

Na ce, "Bismilla."

"Bakinka ne. Akwai abin da ke damunsa, kuma yana fitowa. Bara sai da na riƙa shafa turare a gefen rawanina kafin mu zauna. Ka je a duba maka, don Allah, tun haƙoran suna nan."

Jini ya hau mini ka. Na ce ai kowa ya san bakin mai azumi, kuma shi malami ne, ya fi ni sanin matsayinsa.

Ya ce, "Yau ba azumi muke ba, Isiyaku."

Da ya yi mini tsawa da abin ya zo da sauƙi. A hankali ya faɗa, yana kallon ƙasa, kamar shi ne mai laifin. Na miƙe na naɗe buzuna. Sai da na kai bakin ƙofa, inda na san na waje za su ji, sannan na ɗaga murya na ce, "In ka gaji da zama da ni ne ka faɗa kawai. Ka nemi wani mai jan bakin." Na wuce mutanen nan uku ko sallama ban yi musu ba. Iyakar abin da suka ji ke nan, kuma shi suka kai gari.

Na iso gida na tarar da Innarku a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Na tsaya a kanta na zayyana mata abin da aka yi mini, ina jira ta ce haba, wannan wane irin cin fuska ne. Ba ta ce ba. Ta ci gaba da ɓara, ta ɓare guda uku ko huɗu, sannan ta ɗago.

"Alaramma, so kake in faɗi abin da zai yi maka daɗi, ko in faɗi abin da na sani?"

Na ce ta faɗi abin da ta sani.

"Gaskiya ya gaya maka. Ni ma na daɗe ina neman hanyar. Buroshin da ka ba rediyo, ka ɗauka don me na sayo shi?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, kuma ni in kunya ta kama ni fushi take komawa. Na ce ashe haɗa baki aka yi. Na shige ɗaki, kwana biyu ban ci tuwonta ba. Malam ya aiko sau biyu a ce in zo mu ƙarasa magana, na ce a gaya masa ba na nan, alhali ɗan aiken yana jin muryata. Da aka ga wata, dole a yi tafsiri, sai surukinsa ya zauna a wurina. Mutumin kirki ne, kuma bai nema ba, tura shi aka yi.

Azumin nan a zaurena na yi shi. Kullum bayan la'asar lasifikar masallaci ta ɗauka, in ji an ja ayar da na san inda zan numfasa a cikinta, in ji Malam ya karɓa. Leɓuna su riƙa bi ba da izinina ba. In wani ya shigo in yi kamar lazimi nake. Raina ya ɓaci ƙwarai a watan nan, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara, don na san wanda ya yi mini. Ana cikin goman tsakiya, da buɗa-baki, na gatsi dabino sai na ji haƙorin ƙasa na gaba ya motsa. Na sa yatsa na taɓa, ya yi gaba ya yi baya. Na taɓa na kusa da shi, shi ma yana ɗan girgiɗi. Mai jan baki da haƙoran gaba yake aiki, a kansu harshe ke tsayawa haruffa su fita daidai. Na ga tsofaffin alarammomi da suka zubar da su, karatun yana nan a ka amma in sun buɗe baki iska ce ke fita. Sai na gane ba azumi ɗaya nake shirin rasawa ba, duka ne.

Bayan salla Innarku ta ce akwai masu duba haƙori a Karaye, in je. Na yi kwanaki ina ja da baya, domin a majalisarmu an sha faɗa cewa wankin haƙori na asibiti shi ke kwance haƙora, mutum ya je da su a tsaye ya dawo suna rawa, ga ramuka a tsakani. Wani ma ya rantse mini cewa wannan mai taurin da ke bayan haƙora shi ke riƙe da su, in aka kankare shi ke nan. Na kwana biyu ina auna maganar. In na je su zube, in na zauna su zube. A ƙarshe na ce gara su zube a hannun wanda ya karanci abin. Na hau mota da sassafe ban gaya wa kowa inda za ni ba sai ita.

Wadda na samu yarinya ce, ba za ta girme ki ba, Sa'adatu. Na so in juya. Ta gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ta zaunar da ni a wata kujera mai kwantawa, ta rufe hancinta da ƙyalle, ta haska fitila a bakina. Ta daɗe tana dubawa. Da ta tambayi da me nake wanke baki, na zaro asuwakina na miƙa mata da hannu biyu, na ce na Makka ne, kuma sau biyar a rana.

Ta juya shi ta duba bakin. "Baba, wannan yaushe aka fara amfani da shi?"

Na ce tun dawowar alhazai. Ba ta yi dariya ba, Allah Ya yi mata albarka, amma na ga idonta ya yi.

"Asuwaki ba shi da laifi, Baba. Abu ne mai kyau, kada ka bar shi. Amma bari in nuna maka wani abu. Yi yadda ka saba yi, ina kallo."

Na goga yadda na saba. Sai ta shafa mini wani ruwa mai launi a haƙora, ta ce in kurkure, ta miƙo mini madubi. Haƙora huɗu na sama, tsakiyarsu, fari tas. Duk sauran kuwa, gindin kowane haƙori inda ya haɗu da dasashi, da tsakankaninsu, da na can ciki, da bayansu, sun rine ja kamar an zuba musu jan lalle. Ta ce duk inda launin ya kama, dauɗa ce kwance. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce kullum, ko mutum bai ci komai ba, wata dauɗa mai laushi tana taruwa a jikin haƙori, ba a ganinta, ƙwayoyin cuta ne ke zaune a ciki, kuma sukari ne abincinsu. Tana da laushi, goge ta ba wuya. In aka bar ta kwana biyu uku sai ta fara daskarewa, a kwana a tashi ta zama dutsen nan da nake ji da harshe, wanda babu asuwaki ko buroshin da zai cire shi. Shi ke sa dasashi ya kumbura ya yi jini, ya riƙa ja da baya, har ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara cinyewa. Warin ma daga nan yake.

Na ce, "To ai an ce shi ke riƙe da haƙoran."

"Shi ya cinye abin da ke riƙe da su, Baba, ya zauna a wurin. In na cire za ka ji sun ƙara girgiɗi na ɗan lokaci, kuma za ka ga ramuka, ba zan ɓoye maka ba. Ramukan suna nan tun da, shi ya rufe su. Wannan guda ɗayan ba na jin zai tsaya. Sauran za su iya tsayawa, amma ba ni zan tsayar da su ba. Ni yau kawai zan wanke. Gobe da safe dauɗar za ta sake fara taruwa, kuma ni ba a Rogo nake ba."

Na kalli rufin ɗakin. Sannan na ce ta yi bismilla.

Zuwa biyu na yi kafin ta gama. Ba zan ce da daɗi ba. Da ta ɓamɓaro na bayan haƙoran ƙasa ta sa mini wani gutsure a tafin hannu, baƙi-baƙi, ya kai rabin ƙwayar gyaɗa, sai da na tambaye ta ko haƙorin ne ya karye. Ta ce a'a, shayi ne da alawa da goro na shekara da shekaru. Haƙorin nan da ta ce ba zai tsaya ba, bai tsaya ba, a zuwa na biyu aka cire shi. Giɓin da kuke tsokanata da shi ke nan, wanda na ce muku ƙashin rago ne ya yi shi. Ba ƙashin rago ba ne.

Kafin ta sallame ni ta zaunar da ni kamar ɗan ajin farko, ta ɗauko wasu haƙoran roba da buroshi ta koya mini. Buroshi mai laushi, ba mai tauri ba. A karkata shi ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juyawa a hankali, ba dirza kamar ana wankin tukunya ba. Waje, ciki, da saman na tauna, haƙori bayan haƙori, har da harshe. Da safe sau ɗaya, kafin kwanciya sau ɗaya, kuma na kafin kwanciyar ya fi muhimmanci, bayansa ba a sake cin komai. In an gama a tofar da man, kada a bi shi da kurkura mai yawa. Ta ba ni wani zare na sakace ta nuna mini yadda ake zura shi tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga. Asuwaki kuma ta ce in ci gaba da shi a kowace alwala, amma kullum a datse bakin jiya a tauna sabo, a wanke shi, a bi da shi ko'ina ba gaba kawai ba. Na ce jinin fa?

"Zai fito, kada ka tsaya. Ba buroshin ke yanka ka ba, dasashin ne ke ciwo. Ka ba shi mako biyu. In bai tsaya ba ka dawo ka kama ni."

Na dawo gida da buroshi a aljihu kamar wanda ya sato shi. Makon farko na sha wuya. Ruwan randa in ya taɓa haƙoran sai in ji har ƙwaƙwalwa, ga jini kullum, ga haƙoran suna rawa yadda aka faɗa a majalisa. Rana ta huɗu na yi jifa da buroshin na ce yarinyar nan ta kashe mini baki. Innarku ta ɗauko shi daga gindin turmi, ta wanke, ta matsa masa mai, ta miƙo mini.

"Mako biyu ta ce. Kai da ka haddace izu sittin, kwana goma sha huɗu ne za su gagare ka?"

Na karɓa ina gunaguni. Alawar ce ta fi ba ni wuya. Hannuna ya riƙa zuwa aljihu da kansa yana dawowa wayam. Na koma ruwan ɗumi da citta ba sukari, zuma kuma cokali ɗaya da safe kafin in wanke baki. Goro ban iya bari ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na daina ajiye shi a kunci, in na ci in kurkure. Asuwakin Makka na fara datse shi kullum, ya ƙare cikin kwanaki kaɗan, na ji zafin haka, sannan na koma darbejiyar ƙofar gida wadda ba ta ƙarewa. Ranar sha ɗaya na tofar na ga kumfa fari, babu ja ko ɗigo. Na sake gogawa don in tabbatar. Na kira Innarku ta zo ta gani, tsofai-tsofai da mu muna leƙen kumfa a bakin rariya. Kafin damina ta yi nisa dasashin ya daina kumburi ya kama haƙoran, girgiɗin ya ragu har na daina jin sa. Na koma Karaye bayan wata uku kamar yadda ta ce, ta sake shafa ruwan nan mai launi, ta ba ni madubi. Wuri biyu kawai ya kama, can ciki. Ta ce, "Baba, ka fi samari ƙoƙari." Rabon da yabo ya yi mini daɗi haka tun ranar saukata.

Wata rana na ce wa Innarku ta gaya mini tsakaninta da Allah, yanzu warin fa? Ta ce, "Da akwai da ka ji, ai yanzu na koyi faɗa."

Bakin ya warke tun kafin babbar salla, amma ban je wurin Malam ba, kuma wannan ne wurin da nake son ku karanta da kyau. Zuwa wurinsa yana nufin in ce ya yi gaskiya, kuma in gari ya tambayi gaskiyar me, in faɗa. Na gwammace a ce an zalunce ni da a ce bakina ya yi wari. Mutane suna zuwa yi mini jaje, suna cewa Malam bai kyauta ba, bayan shekaru ashirin, saboda suruki. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce a bar wa Allah. Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da shirun nan ke faɗa. Shi kuma Malam, da kalma ɗaya zai wanke kansa, bai taɓa faɗa wa kowa ba, har iyalinsa. Ya bari ana zaginsa a kan sirrina. Ranar layya, Habibu, Innarku ta ba ka cinya ka kai gidansa kamar kowace shekara, ka ce ba za ka kai nama gidan wanda ya wulaƙanta ubanka ba. Ina ɗaki ina jin ka. Ya kamata in fito in ce maka ɗauki ka kai, ubanka ne ya wulaƙanta kansa. Ban fito ba. Laifin wannan ranar nawa ne, ba naka ba, amma gaisuwar da ake bin ka yanzu kai za ka kai ta, don 'ya'yansa suna nan.

Ku kuma sauran, abin da nake roƙo kaɗan ne. Na ga yadda kuke cika wa yaran nan hannu da alawa da lemon kwalba, su yi barci a kan cinyarku da zaƙi a baki. Ku tashe su su goge, ko suna kuka. Ku duba musu da kanku, har ciki. In wani na kusa da ku ya gaya muku abin da ya ji daga bakinku, ku gode masa, don ya daɗe yana shan wuya kafin ya faɗa. Yau shekaruna sun haura saba'in, kuma ban da guda ɗayan nan babu wanda ya sake fita. Da su nake cin ƙuli-ƙuli, da su nake karatu.

Sai da Sha'aban ya sake zagayowa sannan na ga ba ni da sauran wurin ɓuya. Ko in je yanzu, ko in sake yin wani azumin a zaure. Ranar da ya raba tsakiya na yi la'asar, na goge bakina har sau biyu, na ɗauki buzuna na nufi gidan Malam. Sau biyu ina kaiwa kwanar gidan ina wucewa kamar mai zuwa wani wuri. Na uku na yi sallama. Shi kaɗai ne a zauren, littafi buɗe a gabansa. Ya amsa, ya dube ni, ya dubi buzun. Na shimfiɗa shi can bakin ƙofa, nesa da shi, na zauna. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aka ji da zafi, kamar jiya muka rabu. Da gaisuwa ta ƙare na ce abin da na zo faɗa.

"Malam, ka yi gaskiya, ni na yi wauta. Na je an duba. Na bar ka da bakin mutane shekara guda, ina ji ina gani. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun kafin ka kai gida ran nan. Haƙoran fa?"

"Ɗaya ya tafi. Sauran suna nan."

"Alhamdu lillahi. Surukina tun Rajab yake tambayata ko ka huce, ya ce wurin ya yi masa nauyi." Ya juyo da littafin ya nuna da yatsa. "Nan muka tsaya bara. Ja mu ji."

Ban taɓa ja a gaban kowa ba tun da aka yi giɓin. Na yi bismilla daga inda nake zaune, na ja aya ɗaya, na ja ta biyu. Haruffan suka fita, kowanne a wurinsa. Na kai ƙarshe na tsaya ina jiran ya fassara. Bai fassara ba. Ya kai hannu ya janye littattafan da ke gefensa na dama, ya share wurin da tafin hannu.

"Me kake yi a bakin ƙofa kamar baƙo? Matso nan."

Na ce nan ma ya isa, ai yana ji na.

"Isiyaku, makirfo ɗaya ne har yanzu. Matso."

Na ja buzun na matsa, ya ce ƙara, na ƙara, har kafaɗata ta taɓa tasa. Ya sunkuyo da kansa kusa da nawa a kan shafin, ya ce in sake daga farko. Na cika ƙirji na ja, fuskarsa tana nan dab da tawa, bai kawar da ita ba. Idona ya cika har rubutun ya dushe, sai da ka na ƙarasa ayar. Mun yi shafi shida ran nan kafin a kira magariba.